Sinadarin da Zai Iya Rage Zafin Waya da Shan Caji

Duk mai riƙe da waya a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san halinta a watan Afrilu: ta ɗau zafi, caji ya zube, sai an nufi shagon masu caji. Wani ɓangare na matsalar yana cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar.

Furosesa cike take da ƙananan makunnan lantarki da ake kira taransista. A17 Pro da ke cikin iPhone 15 Pro kaɗai tana da guda biliyan 19. Kowanne yana aiki ne kamar ƙofar ruwa a magudanan Bakolori: a buɗe, ruwa ya shiga gona, a rufe, ya tsaya. To amma idan magudanar ta fi ƙofar zurfi, ruwa zai riƙa sulalewa ta ƙasa ko da an rufe. Haka silikon yake yi idan aka matse taransista ƙwarai: lantarki na yoyo, batir na ƙarewa, waya na zafi. Maganin shi ne a sirantar da hanyar lantarkin, sai dai silikon kan rasa ingancinsa idan ya yi siriri da yawa.

A 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Manchester a Ingila suka yi amfani da salatif suka ɓanɓaro shimfiɗa mai kaurin atam ɗaya daga girafait, wato baƙin da ke cikin fensir. Sunanta girafin, kuma ta ba su kyautar Nobel a 2010. Matsalarta ɗaya: ba ta rufuwa, lantarki wucewa yake yi kawai.

Sai masana suka koma kan MoS2, sinadarin da ake sakawa a wasu nau'o'in baƙin giris na mota. Kaurin shimfiɗarsa ɗaya kusan nanomita 0.65 ne, alhali silin gashi ya kai dubban nanomita. Ga siranta, ga shi yana rufuwa ruf. A 2011, tawagar Andras Kis a Lozan ta ƙasar Suwizalan ta ƙera taransista da shi. A 2025, Jami'ar Fudan da ke Shanghai ta fitar da furosesa mai suna Wuji mai taransista 5,900.

Tsakanin 5,900 da biliyan 19 akwai tafiya. Har yanzu da wuya a shimfiɗa sinadarin a faifai mai faɗi ba tare da lahani ba, haka ma haɗa shi da wayoyin ƙarfe. Saboda haka babu wayar da ke kasuwa yau mai irin wannan furosesa. Wanda aka yi wa tallar waya ko fawa-banki da sunan girafin, ya sani cewa galibi batun rage zafi ko batir ake yi, furosesar tana nan da silikon ɗinta.