Yadda Ake Sauya Sarƙa da Faifan Haƙora a Babur Mai Ƙafa Huɗu

Gabatarwa

Duk ƙarfin da injin babur yake da shi, ba zai amfana wa mahayi komai ba muddin bai isa ga tayoyin baya ba. A yawancin babura, abin da ke ɗaukar wannan ƙarfi shi ne sarƙa, wadda makanikai ke kira cen, tare da faya-faye biyu masu haƙora da ake kira sifiroket. Ƙaramin faifan yana jikin inji, babban kuma yana kan sandar ƙarfen da ta haɗa tayoyin baya. Idan sarƙa ta tsinke ana cikin gudu, takan iya fasa jikin inji ko ta naɗe a sandar baya ta ƙame tayoyin nan take, mahayi ya kifa. Wannan maƙala ta yi bayanin dalilin lalacewar waɗannan sassa, da yadda ake gane lokacin sauya su, da kuma matakan aikin a babur mai ƙafa huɗu.

Taƙaitaccen Tarihi

A shekarar 1880 ne injiniya Hans Renold, haifaffen ƙasar Suwizalan da ya zauna a birnin Mancesta na Ingila, ya yi rajistar irin sarƙar da kekuna da babura suke amfani da ita har yau. Shi kuwa babur na shiga jeji ya zo ne daga baya ƙwarai. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da mai ƙafa uku a 1970, sannan a 1982 kamfanin Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu, samfurin LT125. Saboda yawan haɗurra, an daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka a 1988, abin da ya bar fage ga masu ƙafa huɗu.

Ba kowane babur mai ƙafa huɗu ke da sarƙa ba. Yawancin manyan da ake aikin gona da su, irin su Honda Foreman da Yamaha Grizzly, sanda mai juyawa ce ke kai ƙarfi ga tayoyinsu. Sarƙa ta fi yawa a na wasanni da na tsere, kamar Yamaha Raptor 700, wanda za a riƙa kawo misali da shi a nan.

Yadda Sarƙa Take

Kowace gaɓa ta sarƙa ta ƙunshi abubuwa huɗu: fallayen ƙarfe na gefe, da ƙusar da ta ratsa su, da ɗan bututun da ƙusar ke juyawa a ciki, da kuma zoben da ke birgima a kan haƙori, wato rola. Tazarar da ke tsakanin tsakiyar wata ƙusa da ta kusa da ita ana kiranta taku. Lambar da ake bugawa a jikin sarƙa ita ke bayyana wannan taku. A sarƙa mai lamba 520, alƙalamin farko na nufin kashi 5 cikin 8 na inci, wato milimita 15.875. Sarƙa mai lamba 420 ko 428, irin wadda aka saba gani a ƙananan baburan haya na garuruwan ƙasar Hausa, takunta rabin inci ne, wato milimita 12.7. Dole ne takun sarƙa ya yi daidai da tazarar haƙoran faifai, in ba haka ba ba za su zauna da juna ba.

Akwai kuma sarƙa mai zoben roba, wadda aka cusa wa giris tsakanin ƙusa da bututu tun daga masana'anta, aka toshe da ƙananan zobba don kada ya fita, kada kuma ƙasa ta shiga. Irin wannan ta fi daɗewa, ko da yake ta fi tsada.

Lissafin Haƙora

Raptor 700 yana zuwa da ƙaramin faifai mai haƙora 14 da babba mai haƙora 38. Idan aka raba 38 da 14 za a sami 2.71. Ma'anar wannan ita ce sai ƙaramin faifai ya juya sau 2.71 kafin tayoyin baya su juya sau ɗaya, kuma ƙarfin juyi da ya isa gare su ya ninka sau 2.71. Idan aka sa mai haƙora 13 a gaba, lissafin ya koma 2.92. Ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, amma matuƙar gudu ta ragu da kusan kashi 7 cikin 100. Mai haƙora 15 kuwa yana ba da 2.53, wato ƙarin gudu da raguwar ƙarfin hawan tudu. Wannan ita ce ƙa'idar nan da ɗalibai suka sani a darasin fizis: inji ba ya ƙirƙirar makamashi, abin da aka samu a ƙarfi sai an biya shi da gudu.

Akwai iyaka ga rage haƙora. Sarƙa ba ta naɗe faifai a zagaye sumul, tana bin sa ne gefe-gefe, kamar siffa mai kusurwoyi da yawa. Saboda haka gudunta yana ɗan hawa da sauka a kowane haƙori. A faifai mai haƙora 14 bambancin ya kai kashi 2.5 cikin 100, a mai haƙora 11 kuma kashi 4 cikin 100. Iyakar ƙanƙantar faifai, iyakar girgiza da saurin cinyewar sarƙa.

Dalilin Lalacewa

Mutane kan ce sarƙa ta miƙe, kamar dai roba ce aka ja. A haƙiƙa fallayen ƙarfen ba su ƙara tsawo ba. Gogayya ce ta cinye ƙusa da bututu, kowace gaɓa ta sami ɗan sarari, sararin nan kuma da aka tara shi a gaɓoɓi kusan ɗari sai ya zama tsawo mai yawa. Ƙura da yashi suna gaggauta wannan, domin idan suka haɗu da mai sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa. Shi ya sa sarƙar da ke aiki a rairayi ko a lokacin hunturu take saurin mutuwa.

Da zarar takun sarƙa ya fi tazarar haƙora, sai rola ta daina zama a gindin haƙori, ta riƙa hawa samansa tana ƙwaƙule shi, har ya lanƙwashe ya yi kama da ƙugiya. Daga nan ne ƙa'ida mafi muhimmanci ta fito: sarƙa da faya-fayenta biyu tare ake sauya su. Tsohon faifai zai lalata sabuwar sarƙa cikin ɗan lokaci, haka nan tsohuwar sarƙa za ta cinye sabon faifai. Wanda ya sayi ɗaya don tsimi, sau biyu zai saya, araha ba ta ado.

Hanyoyin Gwaji

Gwajin farko na hannu ne. A kama sarƙa a can bayan babban faifai a ja ta baya. Idan ta ɗaga har aka ga rabin haƙori, ta gama aiki. Gwaji na biyu na awo ne. A ɗaure sarƙar ta miƙe sosai, a auna daga tsakiyar ƙusa ta 1 zuwa ta 21, wato taku 20. A sabuwar 520 za a sami milimita 317.5. Iyakar da kamfanoni da yawa suka sa tana tsakanin milimita 319 da 323, gwargwadon irin sarƙar, kuma littafin da ya zo da babur shi ne alƙali. Sauran alamomi su ne gaɓoɓin da suka ƙage ba sa lanƙwasawa, da jan tsatsa da ke fitowa daga gefen ƙusa, da zobban roba da suka tsage, da haƙoran da suka yi tsini.

Cire Tsofaffin Sassa

Kayan aikin da ake buƙata su ne sifanu, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, da filaya, da sukudireba, da jak tare da abin tokara, da na'urar ɓalle sarƙa, da buroshi da kananzir.

Kafin komai, a ajiye babur a wuri mai shafe, a kashe inji, a zare makulli, a bari ya huce. Wannan mataki bai kamata a yi wasa da shi ba. Mutane da yawa sun rasa yatsu saboda taɓa sarƙa ko goge ta da tsumma alhali inji yana aiki, domin ƙiftawa da bismilla ne tsakanin kama tsumma da shigar hannu cikin haƙora.

Na farko, a cire murfin ƙaramin faifai. Abin da ke riƙe faifan ya danganta da samfuri: wani babban noti ne mai wosha da aka lanƙwasa a gefensa, wani ɗan falle ne mai kusoshi biyu, wani kuma zoben ƙarfe ne mai maƙalewa. A sassauta shi tun sarƙa tana jiki, wani ya taka birkin baya, domin idan aka riga aka cire sarƙa faifan zai riƙa juyawa ne kawai tare da sifana.

Na biyu, a sassauta notocin tayar da ke ɓangaren sarƙa da notocin babban faifai tun tayoyi suna ƙasa. Sannan a ɗaga bayan babur a tokare shi da abu mai ƙwari, kada a dogara ga jak kaɗai, a kuma sa wa tayoyin gaba waigi.

Na uku, a sassauta sarƙa. A babur mai ƙafa huɗu, sandar baya tana juyawa ne a cikin wani gida mai boris. A wasu samfura gidan ba a tsakiya raminsa yake ba, don haka idan aka kwance kusoshin da suka matse shi aka juya shi, sai sandar ta matsa gaba ko baya. A wasu kuma kusoshin daidaitawa ne ake kwancewa.

Na huɗu, a nemo gaɓar haɗi. Idan mai kilif ce, a zare kilif ɗin da filaya, a cire falle, a raba sarƙar. Idan ta dindindin ce, sai a tura ƙusa ɗaya waje da na'urar ɓallewa. Daga nan a cire taya, a zare babban faifai ta kan sandar. A wasu samfura sai an cire mazaunin tayar ma kafin faifan ya wuce. A ƙarshe a zare ƙaramin faifai, a lura da fuskar da ke kallon waje.

Kafin a sa sababbi, a wanke wurin, a duba robar da sarƙa ke zamewa a kanta, a jijjiga sandar baya don a ji ko boris ya yi lam-lam. Boris da ya mutu yana karkatar da faifai, ya kashe sabuwar sarƙa.

Ɗaura Sababbi

A sa ƙaramin faifai yadda tsohon ya zauna, da sabuwar wosha ko sabon zobe. A ɗaura babban faifai, ana ɗaure notocinsa a gicciye, wannan sannan na daura da shi, don ya kwanta daidai. A ƙirga gaɓoɓin sabuwar sarƙa su yi daidai da adadin da littafi ya faɗa. Kada a auna tsawonta da tsohuwa, tun da tsohuwar ta riga ta ƙaru.

A zagaya sarƙar ta bi faya-fayen biyu, a haɗa bakunanta a kan babban faifai, domin haƙora su riƙe su. A shafa wa gaɓar haɗi giris, a sa zobban robarta huɗu idan tana da su, a danna falle har ramin kilif ya bayyana. Kilif yana da kai rufaffe da wutsiya buɗaɗɗiya kamar kifi, kuma dole kansa ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya. Idan aka juya shi, kara ko tsakuwa na iya tuɓe shi, sarƙa ta rabu.

Bayan haka a ɗaure kowane noti da sifana mai awo, daidai da adadin da ke littafi. Ƙarfin ɗauri shi ne ƙarfin hannu sau tsawon sifana. Alal misali, ɗauri na nuton-mita 100 da sifana mai tsawon rabin mita yana buƙatar nuton 200, kwatankwacin nauyin kilo 20. A lanƙwasa woshar ƙaramin faifai a kan notinta, a mayar da murfi.

Daidaita Sassauci

Ba a ɗaure sarƙa tamau kamar tsirkiyar baka. Dalili kuwa shi ne, hannun da ke ɗauke da sandar baya yana hawa da sauka a kan madogarar da ba wuri ɗaya take da ƙaramin faifai ba. Nisan faya-fayen biyu ya fi yawa a lokacin da ƙaramin faifai da madogarar da sandar baya suka jeru a layi ɗaya, wato sa'ad da nauyi ya danne babur. Sarƙar da ba ta da sassauci za ta finciki boris na inji a wannan lokaci, wadda ta cika sassauci kuma za ta iya zamewa daga haƙora.

A juya tayoyi a hankali a nemo inda sarƙar ta fi tauri, a auna motsinta sama da ƙasa a tsakiyar faya-fayen biyu. A samfura da yawa ana son milimita 25 zuwa 40. A daidaita, a ɗaure gidan boris, a sake aunawa, domin ɗaurin kan ɗan sauya awon. A sauke babur, a gwada birki, a yi tafiya kaɗan a hankali, sannan a sake duba sassauci da kilif.

Kammalawa

Sabuwar sarƙa takan ɗan saki a kwanakin farko, don haka a riƙa duba ta kafin kowace fita. A wanke ta da kananzir da buroshi mai laushi, kada a yi amfani da fetur ko buroshin waya domin suna lalata zobban roba. A sa mata mai ta cikin da'irarta bayan an dawo daga tafiya tana da ɗumi, a goge rarar don kada ta tara ƙasa. Malamai na iya gwada yawancin abin da aka bayyana a nan da keke guda a cikin aji: ɗalibai su ƙirga haƙora, su fitar da lissafin juyi, su auna taku 20 na tsohuwar sarƙa da sabuwa, su kwatanta sakamakon da idonsu.