Fitar da Bincike Kafin Tantancewa

A al'adar masana kimiyya, takardar bincike ba ta fitowa a mujalla sai wasu masana sun tantance ta, abin da kan ci watanni. A 1991 Paul Ginsparg ya buɗe rumbun arXiv a Amurka, inda mai bincike ke ajiye aikinsa kowa ya karanta kyauta tun kafin tantancewa. Irin wannan rumbu na Afirka, AfricArXiv, ya biyo baya a 2018.

Amfanin hakan a fili yake a Kudancin Kaduna, inda cuta ta cinye gonakin citta a 2023. Malamin aikin gona a Samaru Kataf da ke yankin zai iya ganin sakamakon gwaji kan cutar a irin wannan rumbu kafin damina ta wuce. Sai dai takardar da ba a tantance ba ɗanya ce tukuna, kuskure kan ɓuya a cikinta.