Kafin ka kama gida a birnin Katsina

Matsalar tsaro ta sa iyalai da dama daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun koma zama a birnin Katsina, wanda ya zama babban birnin jiha a 1987. To, wace unguwa ta dace da mai neman matsuguni?

Cikin gari, kamar Ƙofar Soro da Rafindaɗi, akwai maƙwabta da kusancin kasuwa, sai dai lunguna matsattsu ne. GRA shiru take, amma hayarta sai mai hali. Ma'aikata kan nemi rukunin gidaje irin su Barhim. Mai yawan zuwa gida Ƙanƙara kuwa, hanyar Dutsinma ta fi masa sauƙi, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a wannan ɓangaren.

Kowace unguwa ka zaɓa, abu na farko da za ka duba shi ne ruwa. Ba kowace unguwa ruwan madatsar Ajiwa ke kaiwa ba, don haka ka tsayar da mai kura ka ji kuɗin jarka. Na biyu, ka leƙa gidan da damina. In ka ga gindin katanga ya yi kore, ko an jera buhunan yashi a bakin zaure, ruwa na kwanciya ke nan.

Sannan ka lissafa kuɗin Keke Napep na 'yan makaranta kullum kafin arahar gida mai nisa ta ruɗe ka, domin araha ba ta ado. Kada ka biya dillali ko sisi sai ka ga mai gidan, ka kuma gaisa da mai unguwa. A zaɓi maƙwabci tun kafin a zaɓi gida.