Juriyar zafi ta bango

Juriyar zafi ta bango ita ce ma'aunin yadda bango ke tare zafin waje kada ya ratsa cikin ɗaki. Injiniyoyi na nuna ta da harafin R. Yawan adadinta shi ne ƙarancin zafin da ke shiga.

Lissafi

Ana raba kaurin bango, a ma'aunin mita, da saurin ratsawar zafi a cikin abin da aka gina shi da shi. Misali, bangon ƙasa irin na tsofaffin gidajen Kusugu a Daura, idan kaurinsa mita 0.4 ne kuma saurin ratsawarsa 0.8, juriyarsa 0.5 ce. Kwanon da ake zagaye sito ko rumfa mai dirkoki da shi kuwa, tasa kusan sifili ce. In aka shimfiɗa masa audugar gilashi mai kaurin santimita 5 da sauri 0.04, sai ta kai 1.25.

Doka

Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Najeriya ta fitar a shekarar 2017 ta sanya 1.25 a matsayin mafi ƙarancin juriyar shimfiɗar da ke tare zafi a rufi.