Daga Azagor zuwa bakin teku: labarin wani ɗan cin rani

Kowace shekara, da an ɗaure hatsi an zuba rumbu, samarin ƙasar Dakwaro da yawa sukan ɗauki jaka su nufi kurmi biɗar kuɗi. Wasu su dawo da alheri, wasu su dawo da ciwo da bashi. Wani magidanci na komin Azagor, manomi kuma mai ƴan bisashe, ya yi wannan tafiya daga watan Nuwamba na 2022 zuwa watan Mayu na 2023. Ya bi bakin teku ta ƙasashe uku: Benin, Togo da Gana. Ga abin da ya gani, domin mai niyyar tafiya ya san abin da ke gabansa.

Hanya

Damanar ba ta ba shi abin da zai kai iyalinsa wata damana ba. Ya sayar da awaki biyu, ya bar rabin kuɗin a gida, ya riƙe rabi. A Dakwaro ya samu wani mai fataucin raguna yana neman wanda zai hau kamyo ya kula da su. Aikin shi ne a tada ragon da ya kwanta kada sauran su tattake shi. Haka ya samu mota ba tare da ya biya ba.

Suka bi Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, har Gaya. Suka haye gadar kogin Kwara suka shiga Malanbil, garin farko na ƙasar Benin. Daga nan zuwa Kwatanu ya fi kilomita 700, ta Kandi da Paraku. Suna yin kudu itatuwa suna ƙara tsawo, ciyawa tana ƙara kauri. Inda gero ya ƙare sai dawa da auduga, gaba kuma sai doya, rogo da masara, daga ƙarshe sai itacen manja.

Ranar da ya ga teku

Mutumin da ya saba jan ruwa da raƙumi daga rijiya mai zurfi, sai ga shi gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa. Ya ɗiba ya ɗanɗana, ya tofar: gishiri ne zalla. Mutum ba ya shan shi, dabba ba ta shan shi, ba a ban ruwan garka da shi. Ya ga ruwan yana hawa yana sauka sau biyu kowace rana. Jan wata ne ke kawo haka.

Ƴan uwansa na Zangon Kwatanu suka gargaɗe shi: teku ba tafki ba ne. Igiyar ruwa tana kada mutum, ta ja shi ciki, ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Baƙi da dama sun halaka ta haka. Tun daga ranar, daga nesa yake kallo.

Ya yi wata biyu yana dako a kasuwar Dantokpa. Bayan garin akwai tafkin Nokuwe, inda mutanen Ganbiye suka kafa ɗakunansu bisa turaku cikin ruwa. Kasuwarsu ma cikin kwale-kwale ake cin ta.

Daga Wida zuwa Lome

Tsakanin Kwatanu da Lome kimanin kilomita 150 ne, gudoro na bin gaɓar teku cikin itatuwan kwakwa. Kusa da Wida ya ga mata suna kankare ƙasa mai gishiri, su tace ta da ruwa, su dafa har gishiri ya fito, kamar yadda ake yi a Dallol Foga. Ya ga masunta sun jeru bisa rairayi suna jan igiyar taru guda, suna waƙa. In kifi ya fito, duk wanda ya ja yana da rabo. Ya ce wannan gayya ce irin ta gona.

Shanun wurin sun ba shi mamaki. Gajeru ne, ba su da tozo, wasu ba su fi maraƙin Azawak ba. Amma suna jure cizon ƙudan tsando mai kawo sammore, ciwon da ke kada shanunmu in sun daɗe a kurmi. Ciyawa mai yawa ba ita kaɗai ce kiwo ba.

A Lome ya sauka Zango. Da can Zango yana tsakiyar gari, amma a 1977 hukuma ta tashe shi ta mayar da shi arewacin birnin. Da Hausa ake ciniki a wurin, mai masauki kuma shi ke tsaya wa baƙo. Kuɗin Benin da Togo sefa ne irin namu, ba sai an canza ba.

Teku mai cin ƙasa

A ƙasarmu hamada ce ke cin gona. A can teku ne ke cin gari. Tsakanin Aneho da Lome an nuna masa inda tsohuwar hanyar mota take, yanzu ruwa ya rufe ta. A Keta, cikin Gana, teku ya cinye gidaje masu yawa, sai da aka jera manyan duwatsu don tare shi. Ɗaya daga cikin dalilai shi ne madatsar ruwa ta Akosombo, wadda aka gama a 1965. Tana tare rairayin da kogin Bolta yake kawowa bakin teku, ga kuma masu kwasar rairayi don gini. Duk inda aka cire abin da ke riƙe ƙasa, ƙasa tafiya take yi. Mai saran itace a kwarin Tarka ya kamata ya ji wannan.

Akara

Ya shiga Gana ta Aflawo. Kuɗinsu sidi ne, harshen hukuma Ingilishi. Wani mai canji a bakin hanya ya so ya rage masa kuɗi. Lissafin da ya koya a ajin yaƙi da jahilci ne ya cece shi: ya rubuta a takarda, ya nuna, aka cika masa.

A Akara akwai Hausawa tun zamanin kakanni, a Sabon Zango da Nima. Ya samu aikin sauke buhunan albasa a Ajen Kotoku, inda aka mayar da kasuwar albasa a 2021. Yawancin albasar daga Nijar take zuwa, irin ta Galmi. Abin da muke nomawa yana da daraja a wajen mutanen teku.

A nan zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. A kurmi sauro ba ya da rani. Maganin ya ci kuɗin aikin sati uku. Gidan sauro ɗaya da ya ishe shi.

Komawa gida

A Kwatanu ruwan sama ya fi milimita 1,000 a shekara, damana biyu suke yi. Mu ɗaya gare mu, gajera, wanda ya rasa shukar fari ya rasa shekara. Da Mayu ya kama, abokansa suka ce ya ƙara wata biyu. Ya ƙi. Ya iso Azagor kafin ruwan shuka, ya sayi buhunan hatsi, ya mayar da awakinsa biyu, ya ƙara tunkiya. Ba dukiya ba ce, amma gidansa bai kwana da yunwa ba.

Ga mai niyyar tafiya

Ƴan uwa manoma da makiyaya, hanya ta sake bayan dawowarsa. An rufe iyakar Nijar da Benin a 2023. Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025. Benin kuma ta hana shiga da garke kiwo daga wata ƙasa tun ƙarshen 2019. Saboda haka a tambayi hukuma halin da hanya take ciki da takardun da ake bukata kafin a tashi.

A riƙe katin ɗan ƙasa da takardar allurar shawara. A san sunan mai masauki tun daga gida. A bar wa iyali abinci, kada a sayar da uwar garke don kuɗin mota. A rubuta abin da aka samu da abin da aka kashe. A dawo kafin ruwa ya sauka.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba mu damana mai albarka.