Raunin fahimta daban, taɓin hankali daban

Duk wanda ya fito daga Kano ta hanyar Katsina ya san Dawanau da kasuwar hatsi da asibitin ƙwaƙwalwa. Kasancewar asibitin a ƙasar Dawakin Tofa na sa mutane ɗaukar cewa duk mai matsalar ƙwaƙwalwa a yankin ya sami wurin zuwa. Amma akwai waɗanda maganin asibitin bai shafe su kai tsaye ba: manyan da suka girma da raunin fahimta, waɗanda ake kira dolo ko gaula, har sunan yanka ya ɓace. Taɓin hankali ciwo ne da kan zo wa mutum bayan ya yi wayo, kuma sau da yawa magani na kwantar da shi. Raunin fahimta kuwa tun yarinta yake somawa, ya zauna da mutum har tsufa. Yakan samo asali daga doguwar naƙuda da ta hana jariri iska, ko shawarar jarirai da ba a kula da ita ba, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, ko kuma halittar da likitoci ke kira ciwon Down. Babu allurar da ke warkar da shi. Abin da ke amfanar mai shi shi ne koyarwa sannu a hankali, da sana'ar da zai iya, da duba lafiyar jikinsa a kai a kai.

Wannan na ƙarshen shi aka fi sakaci da shi. Kusan rabin jariran da ake haifa da ciwon Down na zuwa da matsalar zuciya, da yawa kuma mantuwar tsufa kan riske su tun ba su tsufa ba. Farfaɗiya ta fi yawa a cikin masu raunin fahimta fiye da sauran jama'a. Mutumin da ba ya iya cewa haƙorinsa ke ciwo, sai ya nuna da faɗa ko ƙin cin tuwo, 'yan gida su ce aljanunsa sun tashi, a nufi wajen mai ruƙiyya, wani lokaci ma a kai ga mari. Samamen da 'yan sanda suka kai gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019 ya nuna inda wannan hanya take ƙarewa.

Wani zai ce ai mu Hausawa ba ma kai namu gidan kulawa, dangi sun isa. Gaskiya ne gidan gandu ya riƙe irin waɗannan bayin Allah shekaru aru-aru, kuma babu mai hankalin da zai nemi a raba su da danginsu. Sai dai a duba a ga wane ne dangin. Yawanci uwa ce ita kaɗai, ita ke wanka da wanki da ciyarwa, ga shekaru sun ja. Gonaki a wannan yanki sun tsattsage saboda rabon gado, samari sun tafi birni neman kuɗi. Ranar da uwar ta kwanta dama, a nan ake gane cewa babu wanda aka shirya ya karɓe ta. Shari'ar Musulunci ta tanadi waliyyin da zai tsare wa irin wannan mutum rabon gadonsa, amma sau nawa ake naɗa shi a gaban shaidu?

Hujja ta biyu ita ce babu kuɗi. To, dokar hana nuna wa masu naƙasa wariya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 a Janairun 2023, duk sun riga sun ɗora wa hukuma nauyi, kuma abin da ake buƙata a ƙauye bai kai tsadar gini ɗaya ba. Ƙaramar hukumar Dawakin Tofa na da mazaɓu 11. Masu unguwanni da dagatai sun san kowane gida, za su iya rubuta sunaye. Ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi zai iya duba kowane mutum ko da sau ɗaya a shekara, ya tura mai farfaɗiya Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Maginan tukwane da masu kiwo da masu surfe za su iya koya wa wasu aikin da zai ba su na sabulu, Hukumar Zakka da Hubusi ta tallafa wa uwayen da ke ɗawainiya.

Kira ga shugaban ƙaramar hukuma da hakimi: a fara da ƙidayar, mazaɓa bayan mazaɓa, kuma a rubuta kowa da sunansa na yanka.