Hedifon mara igiya: shirun da aka saya da batirin da ba ya daɗewa

A watan Satumba na 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 babu ramin da ake cusa iyafis, kuma a wannan taron ne ya gabatar da AirPods. An yi ta ƙorafi. Google ya yi masa shaguɓe a tallar wayarsa ta Pixel, amma shekara na zagayowa shi ma ya toshe ramin a Pixel 2, Samsung kuma ya bi sahu a 2019 da Galaxy Note 10. Daga nan masoya tsaftataccen sauti, waɗanda a da ba sa ko kallon abin da ke aiki da Bluetooth, suka wayi gari kasuwa ta juya musu baya.

Toshe rami kaɗai bai isa ya bayyana abin da ya faru ba. Kuɗi ne suka yi gaba. Apple ya sayi Beats a 2014 kan dala biliyan 3. Samsung ya kammala sayen Harman, mai JBL da AKG, a 2017 kan kusan dala biliyan 8. Sennheiser, tsohon gidan sauti na Jamus, ya sanar a 2021 cewa zai sayar da sashensa na kayan sauraro na jama'a ga Sonova, kamfanin Suwizalan mai ƙera na'urar taimaka wa masu matsalar ji. Wato hedifon ya bar hannun maƙeran lasifika ya koma hannun masu manhaja da ƙananan kwamfutoci. Shi ya sa a yau ake sayar da AirPods Max kan dala 549, Focal Bathys na Faransa kuma ya fito a 2022 kan dala 799, kuma ana saye.

Gardamar da ta fi zafi tsakanin masu harkar ita ce ta yadda Bluetooth ke matse sauti. Faifan CD na zuba bayanai kilobit 1,411 a daƙiƙa guda. SBC, tsarin da kowace na'urar Bluetooth ke da shi, yana tsayawa wajen 328. LDAC na Sony, wanda ya shiga Android tun 2017, yana kaiwa 990, amma sai in hanya ta yi kyau. A tasha ko kasuwa, inda siginoni suka cunkushe, ko dai ya sauko ƙasa ko sautin ya riƙa yankewa. Mai iPhone kuwa ba shi da LDAC ko aptX, AAC ne iyakarsa. Lokacin da Apple Music ya fara ba da waƙoƙi marasa matsi a 2021, hedifon mafi tsada na kamfanin bai iya karɓarsu ta iska ba. Sai a 2025 aka buɗe masa hanya, ita ma ta igiyar USB-C.

A ganina an ba wannan gardama muhimmancin da ya wuce nata. Idan aka rufe wa mutum ido aka kunna masa waƙa ɗaya sau biyu, ɗaya ta asali, ɗaya an matse ta da kyau a kilobit 256, yawancin mutane ba sa iya bambancewa. Abin da kunne ke kamawa nan take shi ne yadda aka daidaita sautin: kaurin ganga, tsakiya inda muryar mawaƙi take, da siririn sama. Binciken da Sean Olive da abokan aikinsa suka yi a Harman ya nuna cewa akasarin masu sauraro suna karkata ga daidaito iri ɗaya, mai ɗan ƙarin kauri a ƙasa. A nan hedifon mai batir ya fi na igiya dama, domin kwamfutar cikinsa na iya gyara abin da lasifikar ta gaza, har ta auna yadda ya zauna a kunne. Kuma zaman nan ba ƙaramin abu ba ne. Mai tabarau ya gwada: hannun tabarau na ɗaga soson kunnen kaɗan, iska ta samu kafa, sai kaurin gangar ya zube. Ya cire tabarau ya danna soson, zai ji bambancin da ya fi na LDAC da AAC nesa ba kusa ba.

Ribar gaskiya ita ce shiru. Amar Bose ya fara tunanin danne hayaniya ne a cikin jirgin sama a 1978, da ƙarar injin ta hana shi jin kiɗa, kuma a 2000 kamfaninsa ya fito da QuietComfort na farko. Makirufo na ɗaukar ƙarar waje, na'urar ta ƙirƙiro kishiyarta, su kashe juna kafin su isa dodon kunne. Dabarar ta fi cin ƙarar da ke tafiya bai ɗaya. Wanda ke zaune kusa da janareto ya danna maɓallin, zai ji rurin ya ja baya kamar an rufe ƙofa mai kauri, amma muryar yaron da ke kiransa daga tsakar gida tana nan, ta ɗan dushe kawai. Amfanin wannan ya wuce jin daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙarfi, ta kuma sa wa babba iyakar desibel 80 na awa 40 a mako. Mutum na ƙure murya ne galibi don ya rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi. In hayaniyar ta kau, hannunsa ba ya zuwa wajen ƙari. Sai dai mai tafiya a bakin titi ya sani cewa rurin motar da ke tahowa ta bayansa na cikin irin ƙarar da ake dannewa.

Asarar kuwa ba a cika rubuta ta a jikin kwali ba. Sennheiser HD 600 mai igiya ya fito a 1997, har yau ana sayar da shi, igiyarsa da sosonsa duk ana canzawa, kuma akwai masu amfani da nasu shekaru masu yawa. Hedifon mara igiya ransa na hannun batirin litiyom, wanda ke rauni da kowane caji, zafi kuma na gaggauta mutuwarsa, abin da ya kamata mai saye a Kano ko Damagaram ya sa a lissafi kafin ya zuba kuɗin da ya kai na babbar waya. Masu gyara na iFixit sun ba AirPods sifiri cikin goma, domin ba a buɗe su sai an lalata. Ga kuma batun mallaka: sabunta manhaja na iya sauya sautin da mutum ya saya, wasu fasahohin kuma ba sa aiki sai da wayar kamfani ɗaya. Wannan ya fi damuna a kan duk wata lamba ta kilobit, don mai son sauti yakan so abin da zai saba da shi, ya san halinsa.

Ba dole ne a ƙera su haka ba. Fairphone na ƙasar Holan ya fito da Fairbuds XL a 2023, wanda mai shi ke iya cire batirin ya sa sabo da hannunsa. Tarayyar Turai ta zartar da doka a 2023 da za ta tilasta, daga Fabrairun 2027, a riƙa ƙera ƙananan na'urori yadda mai su zai iya canza batir. Manyan kamfanoni ba sa son ƙera samfuri biyu don kasuwa biyu. Da Turai ta matsa kan USB-C, iPhone 15 na duk duniya ne ya fito da shi.